Ranar da Ƙanena Ya Daina Tauna Kanumfari

Ni dai tun ina yarinya hancina ya fi idona aiki, shi ya sa ƙanena bai daɗe yana raina mini hankali ba. A gidana yake zaune a unguwar Ngojin tun rasuwar mahaifiyarmu, yana tuƙa keke napep. A shekarun tashin hankali aka yi harbe-harbe a kasuwa, ya dawo da jinin wani a rigarsa. Bai faɗi na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Lokacin gemu bai ko fito masa ba.

Sai da gari ya lafa, kowa ya koma harkarsa, sannan ya fara shigowa yana ƙamshin kanumfari. Yaron da ko a kunu ya ji kanumfari sai ya ɓata rai. Na ce ciwon haƙori kake yi? Ya ce eh. Haƙorin nan har aka ci wata shekara bai warke ba. Ƙarƙashin ƙamshin kuwa ina jin warin giya sarai. Maganar unguwa ba ta dame ni kamar titi ba: mutum a buge, cikin 'yar keke, tsakanin tirelolin da ke wucewa Maiduguri. Duk hayaniyar da ta tashi a bakin hanya sai gabana ya faɗi.

Ana haka wani makaniken keke, mutumin Gadaka, ya fara zuwa nemansa bayan la'asar. Duk Potiskum an san shi tsohon mashayi ne. An ce ya tuba, amma ni ba a gabana ya tuba ba. Su fita tare su daɗe, wani lokaci ƙanena ya dawo a ƙasa, babu keke. Na ce to, ga wanda zai ƙarasa mini yaro, ya haɗa da keken.

Ran nan na tare shi a zaure.

"Malam, ina kuke zuwa da shi?"

"Gareji, Yaya. Shayi muke sha, mu yi hira."

"Shayin ne yake hana shi dawowa da kekensa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban ce masa ya daina yau ba, don na san ba zai iya ba. Cewa na yi ya rage. Ranar da ya sha kuma, makulli a hannuna yake kwana."

Wai ya rage! Haram ake ragewa kamar gishiri a miya? Haushi ya kama ni, na ce masa in ya gama, yana iya tafiya. Sai da na aika aka duba mini ko keken na garejin da gaske. Aka ce yana nan, ko madubi ba a cire ba. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta da mutumin ba, har yau ma ba ta gama kwanciya ba.

Wata Laraba ƙanena ya shigo a ƙasa ina kwashe tuwo. Ya durƙusa kusa da ni, na ja numfashi kamar yadda na saba. Babu kanumfari ko kaɗan, warin giyar ne tsagwaronsa.

"Yaya, na sha yau. Guda ɗaya. Jiya da shekaranjiya ban sha ba."

"Makaniken ne ya ce ka faɗa mini?"

"Shi ya ce in daina ɓoye miki."

Na so in yi faɗa, har na buɗe baki. Ban sani ba ko ɗayan gaskiya ce, ko uku ce ta koma ɗaya a hanya. Amma ya riga ni magana, idonsa a kan murhu.

"Rigar nan da kika wanke mini a lokacin. Ba ki taɓa tambayata jinin wane ne ba."

Na ajiye marar a bakin tukunya, na jawo kujera na zauna. Na ce, "To, na wane ne?"