Ganyen Inabi a Bakin Kogin Neretba

Mun tashi daga Madain Fahd, unguwarmu a Jidda, da asuba, ana idar da salla, mu uku: ni da babban ɗana da 'yarsa. Ita ce take rubuta muku abin da nake faɗa yanzu, don ni ban yi makaranta ba. Kafin mu fita sai da na hau sutuh, wato saman gidana, na ba itacen inabina ruwa. Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa, ya kawo reshensa daga Ɗa'if tun muna da ƙarfi, ya dasa shi cikin tsohuwar ganga. Itacen bai taɓa ba mu 'ya'yan kirki ba, zafin Jidda ba ya barinsa, amma ganye kam ba ya rowa. Na hau a hankali, na sauko a hankali, ɗana yana tsaye a ƙasa, idonsa a kan gwiwata.

Ku da kuka san ni kun san bara aka yi mini aiki a gwiwar dama. Tun daga nan ɗana ya kafe sai in bar gidan nan mai matakala in koma wurinsu a unguwar Safa, ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka. Ɗakin yana da kyau, ban kushe shi ba. Amma babu sutuh, babu maƙwabtan da muka tsufa tare, kuma inabi ba ya rayuwa ƙarƙashin na'urar sanyi. A asibiti kuwa suka ɗora ni kan wani keke da aka kafe a ƙasa, in yi ta tuƙi ina fuskantar bango. Rannan na ce da jikata, da keken nan yana tafiya da tuni na isa Madina. Ita kuwa tana cikin 'yan matan nan masu hawan keke a bakin teku da yamma. Sai ta ce akwai wata hanya a ƙasar Bosniya, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce, ta bi bakin kogi cikin gonakin inabi har zuwa wata ƙal'a, tsohon gidan yaƙi da aka gina a kan dutse. Ubanta ya yi dariya ya ce, “Ummi, in kika kai ƙal'ar nan da ƙafarki, kika hau ta, halas, magana ta ƙare, ba zan sake maganar Safa ba.” Shi da wasa ya faɗa. Ni kuwa na ce yarinya ta zama shaida.

Jirgin sama ya sauke mu a babban birninsu, mota ta kwashe mu zuwa garin Mostar, tana shiga cikin dutse tana fita. A nan na fara ganin kogin da suke kira Neretba. Mu a Jidda in ruwa ya gudu a ƙasa to ambaliya ce, kowa ya kwashe tabarma ya kira 'ya'yansa. Can kuwa ruwa ne kore shar, yana tafiyarsa dare da rana, mutane suna zaune a bakinsa suna shan gahawa, ba wanda ya tsorata. Na sa hannu na ji sanyi har cikin haƙorana. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Washegari muka je wurin mai hayar kekuna. Su biyu suka ɗauki masu ƙafa biyu, ni aka fito mini da mai ƙafa uku, da kwando a baya, da kujera mai majingina. Aka kifa mini hular kwano a kan mayafi. Jikata ta tattare bakin abayata da abin maƙale shanya don kada sarƙa ta ci, ta ja da baya ta dube ni, ta toshe baki. Na ce mata, “Yi dariyarki, ƙawata, hanya ce za ta raba mu.” Mai kekunan ya nuna mini wani maɓalli, in an danna shi batir yana tura keken. Na ce a bar shi a kashe. Da ƙafa aka yi alkawari.

Shi ke nan, muka kama hanya. Wannan karon da na tuƙa sai bango ya tafi. Itatuwa suka riƙa zuwa suna wucewa, iska ta shiga hannun rigata, na ji wani abu a ƙirjina wanda rabona da shi tun ina yarinya ina gudu a lungun unguwarmu. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, kwalta a wani wuri, tsakuwa a wani wuri, mota jefi-jefi. Kogi a hannu ɗaya, dutse a ɗaya hannun. Kowane ƙauye da tsohuwar tashar jirginsa, wata an mai da ita gida, wata ta zama ta awaki. A bakin hanya mata suna sayar da ɓaure da zuma, da araha ƙwarai, kuma ɓauren ba irin busasshen da muke saye a Ramadan ba ne, wannan in ka ɓare shi zuma ce take ɗiga. Da hantsi muka ci wani abu mai kama da mutabbaƙ ɗinmu, wainar fulawar nan ta Jidda, sai dai an naɗe shi kamar gammo, da nama a ciki. Gahawarsu tana zuwa a 'yar butar tagulla da ƙwayar sukari a gefe. Ba hel a ciki, ɗan kayan ƙamshin da muke sa wa tamu, amma na yafe musu.

Tafiya ta yi tafiya, sai ga gonakin inabi, layi-layi kamar sahun salla, har inda ido ya tsaya. Na duba 'ya'yan na ga ƙanana ne, a cunkushe. Na ce wannan ai ko a bakin masallaci aka kasa shi a Jidda ba mai tayawa. Jikata ta yi ƙasa da murya ta ce ba na ci ba ne, matse shi ake yi a yi giya. Na yi istigfari. Na tuƙa na ɗan lokaci ban kalli gefe ba. Daga baya na ce da zuciyata, itacen nan ɗan'uwan na sutuh ɗina ne, Allah ɗaya ya halicce su, bai san abin da za a yi da 'ya'yansa ba. Sai na ci gaba da kallona.

Bayan azahar gwiwa ta fara magana. Da fari raɗa take yi, daga baya ta ɗaga murya. Na tsaya a inuwar wata gona na taɓa ta na ji ta kumbura. Ɗana ya ciro waya ya ce, “Ummi, kin yi ƙoƙari wallahi. Bari in kira mota.” Ni kuwa na san motar nan ba masauki kaɗai za ta kai ni ba, har Safa za ta kai ni. Don in kau da kai daga fuskarsa sai na miƙa hannu na kama wani ganyen inabi na bakin reshe, ina murza shi in ji taushinsa, yadda nake yi a gida.

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin layin tana kaɗa hannu tana faɗa da yarensu, baƙin ɗankwali a kanta, gicciye a wuyanta. Na tsufa ban taɓa ɗaukar na wani ba, yau ga ni a ƙasar mutane an ɗauke ni ɓarauniyar ganye. Jikata ta sa waya ta fassara, waya ta ce wai matar tana maganar shuɗin ruwan sama. Ba wanda ya gane. Tsohuwar ta karɓi ganyen ta nuna mini wani shuɗin gari a bayansa, ta kama wuyanta ta yi tari. Ashe magani aka fesa. Sannan ta shimfiɗa ganyen a tafinta, ta naɗe shi da yatsu, ta dube ni ta ce, “Yaprak?”

Na ce, “Yabrak.”

Abin da muke kiran naɗaɗɗen ganyen inabi a Jidda ke nan, shi ne sunansa a can ma. Ta riƙe hannuna ta yi ta dariya, ba haƙori ko ɗaya a sama. Ta ja mu zuwa gidanta, inda wani inabin ya yi rumfa a tsakar gida, shi ba a fesa masa komai. Mijinta ya fito da kwalbar giya da ƙananan kofuna. Na dafa ƙirji na girgiza kai. Bai ɓata rai ba, ya mayar, ya dawo da ruwan rumman mai sanyi. Da ta ɗauko nama na sake dafa ƙirji, don ban san yankan gidan ba, ita ma ta mayar. Muka yi da shinkafa da albasa da na'ana'a da lemun tsami. Ta ɗora ƙafata kan kujera, ta naɗe gwiwar da tsumman da ta tsoma a ruwan rijiya, muka zauna muna naɗi. Nata gajeru ne masu ƙiba, nawa sirara kamar ɗan yatsa. Ta ɗaga nawa ta nuna wa mijinta, ni ma na ɗaga nata na nuna wa ɗana. Har la'asar muna hira, ita da yarenta ni da Hausa, kuma na san ta ba ni labarin 'ya'yanta da suke nesa, don na ga inda take nunawa da yadda take sauke hannu.

Da za ta ɗauko tukunya a bene na ga yadda take hawa matakala: a karkace, ƙafa mai lafiya a gaba, sanda tana bi. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Da muka tashi tafiya ta saka sandar a kwandon kekena. Na ƙi, ta nuna mini wata a bayan ƙofa. Na cire ƙaramar kwalbar turaren da ke jakata na damƙa mata.

Muka kwana a wani ƙauye kusa, gari ya waye kumburi ya sauka. Muka tuƙa, muka haye gada, sai ga ƙal'ar a sama, garin da suke kira Pocitel yana manne da dutse a ƙarƙashinta. Keke ya tsaya a nan. Daga nan sai matakalar dutse, sumul saboda tsufa, itatuwan rumman hagu da dama. Na yi bisimilla, na karkace, ƙafar hagu a gaba, sanda tana bi. In na gaji in zauna, in na huta in tashi. A tsakiyar hawan akwai masallaci, a nan muka sami ɗana zaune a kan dakali yana haki, shi da ya wuce mu da sauri tun a ƙasa. Jikata ta ce, “Baba, in kira maka mota?” Ya harare ta, ya ci gaba da haki.

Na isa hasumiyar. Cikinta akwai wata matakalar ƙunci, ita ma na bi ta ina dafa bango har zuwa taga. Ga kogin can ƙasa ya lanƙwashe, ga gonaki, ga hanyar da muka biyo kamar zare. Ana haka ladan ya kira azahar daga ƙarƙashina. Ban taɓa jin kiran salla yana hawowa zuwa inda nake ba, kullum daga sama yake sauko mini. Na tuna Malam, na yi masa addu'a. Can sai ga ɗana ya iso, ya tsaya a bayana, ya sumbaci kaina ta kan hular kwanon da na manta ban cire ba.

Mun dawo Jidda lafiya, zafi ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. A hanya ɗana bai ce Safa ba, ni ma ban ce ƙal'a ba. Abin da na koyo, ƙafa tana son a nuna mata inda za ta, kuma mutum yana iya samun 'yar'uwa a gonar da ba zai sha abin da take bayarwa ba. Kwana kaɗan da dawowarmu na ji ana buga ƙarfe a gidana. Na leƙo na ga ɗana da maƙeri suna kafa abin dafawa a jikin matakala, tun daga ƙasa har sutuh. Ya ɗaga kai ya ce, “Ba don ke ba ne, Ummi. Don ni ne, in na zo cin yabrak.”

Na ɗauki sandar tsohuwa na hau tsinko ganye.