'Yan Hayar Cikin Baba

Babanmu mai aski ne, kuma a duniya babu abin da ya tsana kamar ƙwayar cuta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera biyu da madubi mai tsaguwa a gefe, amma tun daga bakin titi kake jiyo warin sifirit. Kafin inji ya taɓa kan mutum sai ya goge shi, ya gasa bakinsa da wuta, ya sake gogewa. Masu zuwa aski har tsiya suke masa, wai aski suka zo ko tiyata.

Da ma a injin ya tsaya! Ina, cikinsa ma haka ya ɗauke shi. Ɗan ƙugi kaɗan zai ji, sai ya leƙa kemis ya sayo kafso mai kashe ƙwayoyin cuta ya haɗiye, ya ce ya yi shara. Abincinsa kuwa burodi ne da shayi mai zaƙi da soyayyen nama. Idan Mama ta zuba masa ganye ko wake, sai ya ture da gefen cokali ya ce, "Ni akuya ne?"

Ranar da jiri ya kwashe shi yana tsakiyar aski, ni na raka shi asibiti, don ni ce babbar 'yarsa. Likitar ta ce kitse ya yi yawa a jininsa, hanyoyin jinin sun fara toshewa, zuciyarsa na cikin haɗari.

Baba ya yi dariya ya naɗe hannun riga. "Kitse? 'Yata, dube ni da kyau. Tsinke ma ya fi ni ƙiba."

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi abin da yake ci da abin da yake sha, sannan ta ce akwai ƙwayoyi birjik a hanjin kowa. Su ke cinye abin da cikinmu ya kasa narkewa na ganye da wake, su fitar da abin da ke taya hanta daidaita kitse da sukari. "Ba su kaɗai ne sila ba, Baba, akwai gado, akwai shekaru. Amma kana kashe su da kafso, waɗanda suka tsira kuma kana barinsu da yunwa."

"Ƙwayar cuta mai amfani? Sunanta fa cuta."

"Sunan ne bai yi musu adalci ba," in ji ta.

Muka iso gida. Yana cire takalmi ya ce da Mama, "Ashe 'yan haya gare ni masu yi mini aiki, ni kuma ina ta korarsu."

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya sauya haka ba. Ya zubar da kafson, ya riƙe maganin likita, ya koma cin wake da kabeji yana yatsina fuska. Mama ta riƙa zolayarsa, "Akuya, a ƙaro?" Shi kuma ya shafa ciki ya ce, "Ƙaro, yara ba su ƙoshi ba." Wani lokaci sai ya tambaye ni a hankali, "Kina ganin sun dawo?" Nakan ce sun dawo. Ni ina na sani? Tsoro nake ji, shi ya sa.

Bayan 'yan watanni muka koma aka sake ɗibar jininsa, aka ce za a kira mu. Washegari da hantsi ya faɗi a shago. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Har yau abin na ci mini rai. Mutum ya ji magana, ya gyara, amma a ce ya makara.

Ana cikin zaman makoki, ina durƙushe a kicin ina wanke kofunan masu gaisuwa wayata ta yi ƙara. Likitar ce, muryarta cike da murna.

"Albishirinki! Kitsen ya fara sauka. Ki ce wa Baba ya yi ƙoƙari, kada ya fasa."

Na kalli Mama, tana zaune a bakin ƙofa tana jiran ta ji wane ne. Na ce, "To, likita. Zan faɗa masa."