Husaina Mai Duba Masu Jinya

Husaina ta zo Alƙahira a 1993 tare da mijinta, Malam Ishaq, mutumin Gusau mai aikin tafinta a ofishin jakadancin Najeriya. Suna zaune a unguwar Mohandessin, 'ya'yansu suna makaranta a gida Najeriya. Ba su daɗe sosai ba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarinsa na dama ya shanye. Likitoci suka ce a bar shi a nan a ci gaba da gashin ƙashi.

Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Masu dubiya sukan zauna gefen gado su yi addu'a, su ce mata sannu da ƙoƙari, su tafi.

Wata rana a asibiti wata Bamisriya, ma'aikaciyar kula da walwalar iyalan marasa lafiya, ta ja ta gefe ta ba ta kujera. Ta tambaye ta ko tana samun barci, wa ke karɓarta, me ya sa take dafa bango in za ta miƙe. Husaina ta ce Malam yana samun sauƙi.

"Ma'alish, yi haƙuri, Madam," in ji matar, "ba shi na tambaya ba. Ke na tambaya."

Husaina ta ce bayanta ya daɗe yana ciwo, kuma rabonta da fita ita kaɗai ta manta. Matar ta sa aka ara musu keken marasa lafiya, aka koya mata juya majinyaci da zanen gado, sannan ta ce ta nemi mai karɓarta ko yini ɗaya a mako. Wannan ne ya fi yi mata nauyi, don ba ta saba roƙo ba. Daga baya ta daure ta faɗa wa Marta, matar Habila direban ofishin, wadda ta taɓa aikin jinya a Jos. Marta ta ce, "Haba Yaya, shi ne ba ki faɗa ba tuntuni?" Tun daga nan duk Talata Marta tana gidan.

Malam Ishaq ya rasu a 1999. Husaina ta koma unguwar Hay el-Sabi' a nan Alƙahira wurin ɗanta Al'amin, wanda ya zo karatu. Unguwar cike take da mutanen gida masu kama ɗaki don jinyar 'yan'uwansu, sai ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Takan gaida mai ciwo, sannan ta kira mai jinya zuwa kicin ta zauna da shi.

Haka ta yi wa Sagiru, ɗalibin da ya ajiye karatu yana kai mahaifinsa wankin ƙoda. Ta same shi ya rame, idanu sun faɗa.

"Me kake buƙata, ɗana?"

"Babu komai, Mama. Alhamdulillahi. Ai Baba ne."

"Na san Baba ne. Yaushe rabonka da aji?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce jarrabawa ta matso, in ya sake rasa ta za a janye masa gurbin karatu, amma yana jin kunyar ya ambaci littafi mahaifinsa na kwance.

Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta shiga ta faɗa wa tsohon da kanta. Ya ce shi bai sani ba, kuma bai yafe ba in yaron ya bar karatu saboda shi. Ta samo abokan Al'amin suka raba ranakun asibiti a tsakaninsu, Marta ta zo ta nuna musu yadda ake tallafar mutum a matakala. Sagiru ya zauna jarrabawar. Darasi ɗaya ya faɗi, ya maimaita shi da bazara ya wuce.

Ba kowa ne ya so shigarta ba. Akwai magidancin da ya ce tana zuga masa mata, ya hana ta gidan. Ta daina zuwa, amma ta riƙa aika wa matar tuwo ta hannun maƙwabciya.

A 2007 Al'amin ya gama karatu suka koma Gusau. Sagiru ne ya ɗauki akwatinta har filin jirgi, Marta kuma ta ci gaba da zagayen gidajen tare da wasu matan ɗalibai.