Matan da ke jiran ɗinki a ƙofar shagona

Ni tela ne a Sabon Gari da ke Keffi, kuma ban taɓa niyyar shiga harkar neman zaman lafiya ba. Gwaggona ce ta jefa ni ciki. Tsohuwar nas ce, shugabar zumuntar mata a cocinsu, irin matan da in sun yi maka raɗa sai maƙwabta sun ji.

A shekarar da rikici ya tsananta a ƙauyukan bayan Garaku, manoma na binne nasu, makiyaya na binne nasu. Gwaggo ta rasa mijin 'yarta a gona. Wata Bafulatana mai tallan nono, wadda muke kira Inna, ta rasa ɗanta a wurin kiwo. Su biyun suka shirya cewa duk Laraba da safe mata za su zauna a gindin mangwaron da ke gaban shagona, kowa da farin ɗankwali, a yi shiru har rana ta ɗaga. Ba waƙa, ba jawabi. Ni aikina in ajiye bencina, in kuma ɗinke bakin ɗankwalaye. Ba wanda ya nemi shawarata, sanar da ni kawai aka yi.

Shirun ne ya fi ba Gwaggo wahala. Da an ɗan jima sai ta karkata wajen Inna ta ce, "Har yau ba ki faɗa min saniyar wa ta cinye min rogo ba."

Inna ba ta ko juyowa. "Saniya ba ta yi boko ba. Ba ta ga sunanki a jikin rogon ba."

Haka aka yi ta yi, rani da damina, har aka sanar a rediyo cewa an hana duk wani taro ko zanga-zanga sai da izinin hukuma. Gwaggo ta je neman izinin. Aka ce oga ya tafi Lafiya. Ta koma, aka ce yana Abuja. Wasu mata mazajensu suka hana su fitowa, amma sauran suka zo yadda suka saba.

Ina cikin guga sai ga wani ɗan sanda mai tumbi ya sauka daga acaɓa. Na kusa ƙona rigar mutane.

"Mama, ba ku ji an hana taro ba?"

"Wane taro, ɗana?" in ji Gwaggo. "Tela muke jira. Ɗinkinmu na hannunsa."

"Dukanku?"

"Dukanmu."

"Tun yaushe?"

Inna ta yi ajiyar zuciya. "Wannan ce damina ta uku."

Ya shigo shago ya tsaya a kaina. "Kai, ba ka tsoron Allah? Iyayenka ne fa waɗannan."

"Yallaɓai, wuta ce ba sa kawowa."

Ya dubi keken ɗinkina, wanda da ƙafa ake taka shi. Ya dube ni. Na ga gefen bakinsa na rawa, yana danne dariya. Ya ce zai dawo mako mai zuwa ya ga ko na sallame su, kuma ya dawo ɗin, da wandonsa da ya yage a baya.

Daga nan sunana ya lalace a Keffi. 'Yan acaɓa in za su wuce sai su rage gudu su ce, "Tela, a taimaka a sallami tsofaffi mana." Wata mata daga Jigwada ta zo ta kwashe atamfofin bikin ƙanwarta, ta ce ba ta so a yi suna kafin a gama ɗinkin aure. Na kai wa Gwaggo kuka.

"Kowa da abin da yake bayarwa," in ji ta. "Ni na ba da gwiwoyina. Kai ka ba da sunanka, wanda dama ba wani mai kyau ba ne."

Wata Laraba da aka tashi da yayyafi, labari ya zo cewa an kai hari ƙauyen su wata malamar firamare da ke zama da matan, kuma ƙaninta na cikin waɗanda aka kashe. Mun ɗauka ba za ta zo ba. Ta zo, ɗankwalinta a jiƙe, ta zauna tsakanin Gwaggo da Inna. Inna ta riƙe mata hannu. Ranar Gwaggo ba ta ce uffan ba. Na daina taka keke, don ƙararsa ta yi yawa. Ɗan sandan ya iso, ya dube su, ya cire hularsa ya tsaya a cikin ruwan na ɗan lokaci, sannan ya tafi bai tambayi kowa komai ba.

Har yanzu suna zama. Dokar takan yi sanyi, sai a sake tado ta, kashe-kashen ma haka. Gwaggo yanzu a keke napep nake ɗauko ta, tana yi wa direba faɗa tun daga gida.

Kwanan baya wasu ɗalibai mata biyu suka zo da wayoyinsu, suna tambayar sunan ƙungiyar da kuma wace ce shugaba. Inna ta matsa musu a benci, ta ce su zauna tukuna su rufe baki, tambaya sai an tashi. Ɗaya ta gudu tun kafin a yi nisa. Ɗayar ta dawo Larabar nan, da farin gyalen da ta aro wurin ƙawarta.