Ranar da Malam Bai Ce Wataƙila Ba

Wa ya faɗa masa ranarsa?

Marigayi maigidana malamin makaranta ne a Abare. Shekarar da yara suka yi ta mutuwa, ya rubuta wa likitoci da Turanci, ya fassara mini: “Wataƙila ƙurar dutsen zinare ce.” Na ce jikata tana kabari, wane irin wataƙila? Ya ce, “Abin da ba a gwada ba, ba a rantsuwa a kansa.”

Jiya na tsinci bironsa, murfin duk tabon haƙoransa. Allah ya haskaka kabarinsa. Mutumin da ko hadari ya haɗo sai ya ce wataƙila, ranar da zai rasu lafiyarsa ƙalau ya sha fura, ya miƙo mini ƙwarya, ya ce:

“Innar yara, ba zan kai la'asar ba.”