Haddar Faransanci Daga Wuya Zuwa Gwiwa

A bayan gidanmu a Bukkuyum nake da wajen ɗaga ƙarfe, in har za a kira shi haka. Siminti na zuba a manyan gwangwanaye na soka tsohon bututu a tsakiya. Samari kan zo da yamma su yi ta nishi, su tafi su bar ni da godiya kawai. Sa'o'ina duk sun tafi ramukan zinare na wajen Anka. Wasu sun dawo da babur, wasu da tari, wasu ba su dawo ba. Ni ma can na dosa, Inna ce ke ta roƙona in ƙara haƙuri.

Ana haka ɗan kawuna da ke gadi a wani gidan motsa jiki a Yamai ya ce uwar ɗakinsa na neman mai koyarwa. Ya nuna mata hoton damatsana, ta yaba. Sai dai masu zuwa wurin manyan ma'aikata ne da baƙi, da Faransanci ake ba su shawara. Ya lallaɓi wani mai koyarwa ya naɗa masa bayanin a waya, gaɓa bayan gaɓa, ya turo mini tare da fassara.

Mahaifina malamin allo ne, kuma hanya ɗaya na sani ta karatu, wato hadda. Na tanƙwashe ƙafa a zaure ina rangaji, ina maimaita "le ku", wuya ke nan, juya shi a hankali. "Lefol", kafaɗa, sassauta ta. Haka har ƙirji, baya, ƙugu, cinya, a ƙarshe "jenu", gwiwa. Ba na wuce wata gaɓa sai ta baya ta zauna. Na sha wuya da "r" ɗinsu mai kama da kurkure maƙogwaro, da rabon kalmomi maza da mata, inda ƙafa ma sai ka san jinsinta. Damina ta shiga ta fita ina abu ɗaya, na gaji har raina. Malam ba ya jin ko kalma, amma in na yi tuntuɓe daga ɗaki yake gyaran murya, ni kuma in koma farko kamar yadda ya saba da mu.

Ranar gwaji na hau babur zuwa Gummi don a can waya ta fi kamawa. Uwar ɗakin ɗan kawun nawa ta bayyana a fuskar waya, ta gaishe ni da Hausar Nijar, sannan ta jawo wani dattijo mai tumbi. Ya dafa gwiwarsa ya yi magana. Na ji "jenu" sarai, na kuma san amsar tana kaina. Amma na laluba na rasa bakin zaren, don ban taɓa shiga karatun ta tsakiya ba. Sai na yi bisimilla a zuci na kama daga wuya.

Dattijon ya juya wuyansa, don ladabi. Ya sassauta kafaɗa. Da muka iso ƙirji ya dubi matar, ya sake nuna gwiwa. Na ƙara sauri, gumi na zuba, ina ta roƙon Allah ya kai ni. Ina ƙugu ta ɗaga hannu, ta ce na iya karatu, za su neme ni. Na san irin wannan neman.

Da na dawo na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida.

"Mi tac ce?"

Na ce sai sun nema. Ta dube ni, ta ci gaba da buga rariya. Can ta ce, ba ta ɗago kai ba:

"In za ka tahi Anka, ka hwaɗa min tun da wuri, in soya maka ƙuli."