Ranar da Karnuka Suka Amsa wa Wamut

Wamut ya haura shekara ashirin yana busa yidaki, wani dogon ice mai rami a ciki, a kasuwar bakin teku ta birnin Darwin. Da la'asar yakan shimfiɗa tabarmarsa kusa da masu soya taliya, ya kara bakin yidakin a gaban lasifika, ya cika kumatu da iska. Turawa 'yan yawon buɗe ido, masu ce wa abin dijaridu, su kewaye shi da wayoyinsu. Cikin busar ya yi musu tsallen kangaru, ya yi dariyar tsuntsu, ya yi haushin kare, ya kwaikwayi babbar mota tana hawa tudu. Abin da ya fi tsuma su shi ne ya kama sauti guda ya ƙi saki, yana shaƙa ta hanci yana hurawa ta baki, har su fara tafi tun bai dire ba. Kada kowa ya ce bai iya ba. Ya iya, kuma da wannan busar ya ciyar da iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba.

Sai dai ba ita aka koya masa a gida ba. Wannan ta kasuwa a wurin wani Bature ɗan Jamus mai cukurkuɗaɗɗen gashi ya ɗauke ta, shi kuwa Baturen a kaset ya koya. Ka ji abin haushi: ɗan ƙabilar Yolngu, wanda kakanninsa suka fara sare icen da gara ta ƙwaƙule suka busa, ya zauna gaban ɗan Jamus yana ɗaukar darasi.

A Gulmarri aka haife shi, can gabashin ƙasar Arnhem, ƙauye mai 'yan gidajen kwano da tankin ruwa da filin saukar ƙaramin jirgi. Yayan mahaifiyarsa ne ya koya masa busa. Kafin ya bar shi ya taɓa ice, sai da ya sa shi ya haddace kiɗan da baki, ditu-ditu dirrl, ditu dirrl, yana bugun gwiwarsa da yatsa. A wurin kawun nan harshe ne ke aiki, kumatu na rago ne. Kuma yidaki ba shugaba ba ne. Mawaƙi ne a gaba, sandunan kiɗa suna riƙe da taku, yidaki yana ƙasa yana ɗauke da su. Kowane baiti gajere ne, kuma da zarar sanduna sun tsaya mai busa zai ɗauke, a bar muryar mawaƙi ta ƙarasa ita kaɗai. Da Wamut ya fara gemu, kawun ya kai shi gefe ya koya masa waƙar hanya, wadda ake rera wa mamacin zuriyarsu ranar binnewa, ana kiran sunayen wurare ɗaya bayan ɗaya har a kai ruhunsa rijiyar kakanni. Su 'yan zuriyar su ke rerawa, amma busar hakkin 'ya'yan 'yan'uwansu mata ne. Mutum biyu kawai ya koya wa: Wamut, da Banyal ɗan ɗaya ƙanwar kawun.

Daga nan Wamut ya tafi Darwin wasan ƙwallo, ƙwallo ta ƙi shi, ya yi aure, ya zauna. Yakan leƙo gida jefi-jefi, kuma kullum yana da dalilin barin yidakinsa a birni. A ransa yana ganin abin da aka koya da ƙuruciya yana nan ajiye, duk ranar da ya so zai ɗauko.

Cikin ranin nan aka bugo masa waya cewa kawun ya rasu. Tun daga ranar, bisa al'ada, ba a ƙara kama sunansa ba, ni ma ba zan kama ba.

Gapany ne ya je tarbarsa a filin jirgi da tsohuwar a-kori-kura. Ɗan ƙanen marigayin ne, abokin wasan Wamut, kuma bakinsa ba ya da birki ko a gidan makoki.

"A'a, ga tauraron Darwin! Ina 'yan ɗaukar hoton naka, ko suna jirgin baya?"

"Kai dai har yanzu ba ka yi hankali ba. Karɓi jakar nan."

Gapany ya zare yidakin Wamut daga cikin jakar, ya juya shi a rana. Sai sheƙi yake, an yi masa ɗige-ɗigen fenti kala-kala.

"Wannan busa shi ake yi ko lasa? Kai, ɗan goggo, kada Baba ya ga wannan fitilar."

Baban nasa shi ne Kawu Djikarr, ƙanen marigayin, wanda jagorancin waƙa ya faɗo a kansa. Ya karɓi Wamut a bakin rumfar da aka ajiye akwatin gawa, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Ka zo, ɗana. Hankalina ya kwanta. Banyal yana wata jana'izar a ƙetaren kogi, na ce ya yi zamansa tunda babban yana tafe."

Ya miƙo masa wani yidaki mara ado, an ɗaure tsagarsa da jan salatif. Wamut ya karɓa da hannu biyu ya ce to.

Washegari da safe ya zagaya bayan tankin ruwa don ya gwada. Sautin ya fito lafiya lau. Da ya nemi kiɗan waƙar hanya, sai harshensa ya kwanta a baki kamar guntun nama. Farkon ya zo, tsakiyar ta ɓace, kumatunsa kuma suna ta kumbura da kansu suna neman su karɓe aikin. Ya sake, ya sake. Zufa ta karyo masa tun rana ba ta yi zafi ba.

A nan ne ya kamata ya je wurin Kawu Djikarr ya ce, Kawu, na manta, tuna mini. Tsohon zai ji ciwo, amma zai zaunar da shi ya karanta masa da baki. Wamut ya tashi zai je har sau nawa. Sai ya hango mahaifiyarsa a cikin mata, ta shafe jiki da farar ƙasa, tana nuna shi da leɓe tana gaya wa na kusa da ita cewa ɗanta ne zai raka yayanta gida. Sai ya koma ya zauna. Kunya ce ta hana shi, kuma kunyar banza ce, don ta ranar da ke tafe ta fi ta girma.

Kwanakin makokin suka yi ta tafiya. Baƙi suna isowa zuriya-zuriya, kowace da rawarta, ana dafa shayi a manyan gwangwanaye ana gasa burodi a toka. Samari ne ke busa ƙananan waƙoƙi. Duk lokacin da aka miƙo wa Wamut, sai ya ce leɓensa ya tsage, yana tanadinsa ne don babbar rana. Mutane suka ce ya kyauta. Shi kuwa ya ɗora begensa a kan cewa in ya ji sanduna da murya, abin zai dawo da kansa.

Ranar binnewa da hantsi aka share fili. Maza masu rawa suka jeru kowa da mashi a hannu, mata a gefe guda, Kawu Djikarr ya zauna a kan yashi da sandunansa, Wamut a damansa. Tsohon ya buga, ya ɗaga murya, ya kira sunan wuri na farko. Wamut ya shiga, kuma ya shiga daidai. Baiti na farko ya wuce. A na biyu takun ya sauya, sanduna suka ƙara sauri, harshensa ya nemi hanya ya rasa. Ya ga ƙafar wani mai rawa ta sauka inda babu kiɗa. Tsoro ya kama shi, kuma da tsoro ya zo sai bakinsa ya koma ga abin da ya saba yi kowace yamma. Kumatu suka karɓe, sautin ya fara lilo yana kaɗawa irin na kasuwa. Sanduna suka tsaya. Wamut bai tsaya ba. Ya ja sautin ya bi ta kan muryar tsohon ya danne ta, kuma a ƙarshe, inda ya saba rufewa don a yi tafi, maƙogwaronsa ya saki haushin kare guda biyu.

Karnukan ƙauyen da ke kwance ƙarƙashin motoci suka miƙe suka amsa masa gaba ɗaya.

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta toshe masa baki. Masu rawa suka tsaya cirko-cirko, kowa da mashinsa a sama. Aka kori karnukan da jifa. Wamut ya sauke yidakin daga bakinsa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Kawu Djikarr ya ajiye sandunansa a kan cinya. Bai ko waiwayo ba.

"Ka gaji, ɗana. Zaman makoki ba wasa ba. Huta." Ya ɗaga murya kaɗan. "Gapany, tashi motar nan ka ɗauko mana Banyal."

Da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ƙetaren kogi ba nan kusa ba ne, hanya ce ta yashi da ramuka, sai wanda ya yi sa'a zai je ya dawo kafin rana ta faɗi. Ga kabari a tone, ga gawa a rumfa, ga jama'ar da suka zo daga nesa sun watse ƙarƙashin itatuwa suna fifita da kwali, farar ƙasar jikinsu tana narkewa da zufa. Duk saboda shi. Kuma ba wanda ya kalle shi. Mutanenmu sun iya wannan, su bi ta gabanka idonsu a wani wuri don kada su ƙara maka nauyi, kai kuwa ka san dalilin kawar da kan. Da aka gasa kifi, shi aka fara kai wa. Ya riƙe shi a ganye har ya huce.

Gapany kafin ya ja mota ya leƙo ta taga. Wamut ya jira tsiya, har ma yana fatanta. Gapany ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Ka sha ruwa, ɗan goggo," ya tafi.

Rana ta take tsaka lokacin da mahaifiyarsa ta taso tana dogara sanda, ta zauna kusa da shi a inuwar tanki. Goshinta da tabon jini inda ta buga shi da ƙasa wajen kuka.

"Inna, ki yafe ni. Na kunyata ki a gaban mutane."

"Mutane? Su waye mutane? Gobe za su hau motocinsu."

"Na ɗauka zai dawo mini."

"Me ya hana ka faɗa? Bakinka ciwo yake da gaske?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni abin da ya dame ni," ta ce, tana kallon rumfar, "an ɗaga shi an fara tafiya da shi, an kai shi wuri na biyu an ajiye. Yanzu yana tsaye a can cikin ranar nan, bai san gaba ba bai san baya ba. Tsoho ne, Wamut. Ƙafarsa ma ba ta da lafiya."

Ta tashi ta koma cikin mata. Wamut ya kifa fuska a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka bugo masa waya.

Rana ta yi sanyi kafin a ji ƙarar motar. Banyal ya sauko jikinsa duk jar ƙasa, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ya zo wurin Wamut ya rusuna, ya ce, "Yaya, ara mini," kamar dai abin na Wamut ne yana yi masa alfarma. Wamut ya miƙa masa yidakin mai jan salatif.

Aka sake jeruwa. Wamut ya zauna a bayan maza, hannunsa wayam. Kawu Djikarr ya ɗauko daga wuri na biyu, inda aka tsaya. Banyal ya shiga da sauti busasshe mai kauri, ba lilo ba ado, harshe yana dukan ciki, ƙafafun masu rawa suna sauka a kansa yashi yana tashi. Baiti ya ƙare, ya ɗauke, muryar tsohon ta ƙarasa ita kaɗai. Suka wuce bakin gaɓa, suka wuce dutsen da ke cikin ruwa, suka shiga kurmi. Mata suka ɗauki kukansu mai waƙa.

Wajen tsakiyar hanya Wamut ya ji wani abu yana motsi a bakinsa. Harshensa ne, yana dukan bayan haƙora, ditu-ditu dirrl. Ya riga Banyal sanin inda takun zai sauya. Baiti na gaba ya zo masa cif, da na bayansa, har da 'yar ƙarar da ake sakawa kafin sunan rijiya, wadda ranar da ya gwada a bayan tanki ko tuna akwai ta bai yi ba. Duk suna nan, ba abin da ya ɓace. Sun zo ne a lokacin da maza shida suka riga suka ɗaga akwatin, yidaki kuma yana bakin wani.

Ya bi su a haka har bakin kabari, leɓe a rufe, hawaye yana shiga masa baki. Kawu Djikarr ya kira sunan rijiyar, ya buga sanda ta ƙarshe. Banyal ya ɗauke. Wamut ma ya ɗauke tare da shi daidai, ba wanda ya ji.